Mai Riga Ruwan Lemo

Mai kantin kyamara ya ɗora min ita a tafin hannu, ya ce, "Tela, kada ka raina ta don ka gan ta ƙarama. In ka ce ta janyo maka wata, har ramukan jikinsa sai ka gani."

Na ce masa ni ba ni da harka da wata. Na juya ta, na jinjina nauyinta. Baƙa ce, ba ta fi sabulun wanka girma ba. Na jefa ta aljihun gaban rigata in ga ko za ta yi tudu, ba ta yi ba. Gwajin farko ke nan, ta kuma ci, amma ban bari ya gani a fuskata ba. Ni ma mai sana'a ne, na san abin da mai kaya yake yi da zarar ya hango haƙoran mai saye.

"Me za ka riƙa ɗauka da ita?" ya tambaye ni. "In don kayan da kake ɗinkawa ne, ai wayarka ta ishe ka."

"Tsuntsaye," na ce.

Ya dube ni ta saman tabarau. Shekara da shekaru ina yi wa iyalinsa ɗinki, bai taɓa jin na ambaci ko tattabara ba. Amma mutum ne mai kawaici, sai kawai ya karɓe ta ya danna maɓallin sama. Hancinta ya zaro kansa waje yana 'yar ƙara, ya nuna min ɗan harshen da ake turawa da yatsa a janyo abin da ke nesa. Muka fito bakin ƙofa, na saita ta can ƙarshen titi, inda wani kantin magani ya manna takarda a gilashi. Da ido, fari kawai nake gani. Ina tura harshen nan takardar ta taho, ta taho, har na karanta cewa ana neman mai shara. Sai dai rubutun rawa yake ta yi a allon bayan kyamarar, ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

"Wannan fa?" na ce. "Sanyi take ji ne?"

"Hannunka ne, ba ita ba. Duk abin da ta ninka, har da rawar hannunka take ninkawa." Ya nuna min wani ɗan layi a gefen allon. "Ka ga nan? Kafin layin nan, gani take yi da gaske. In ka wuce shi, ƙirƙira take yi maka, kada ka rantse a kan abin da ta nuna. Tafi da ita ka gwada, ba na son cinikin biri a sama. In ta yi maka mu yi magana, in ba ta yi ba ka dawo min da abata ba ƙwarzane."

Tsuntsun da nake nufi ɗan yayata ne. Injiniya muke ce masa, tun yana ƙarami da ya farke rediyon babansa don ya ga mutanen da ke magana a ciki. Da ya girma ya kafa teburin gyaran waya a kasuwa. Wata rana 'yan sanda suka yi wa layin nasu dirar mikiya a kan wayoyin sata, suka kwashe kowa. Aka yi ta sakin mutane ɗaya bayan ɗaya, shi aka riƙe shi, saboda ɗaya daga cikin wayoyin da ake nema a kan teburinsa aka same ta, wani ya kawo gyara bai dawo ba. Aka kai shi gidan yari jiran shari'a, shari'ar kuma ta yi ta jiran kanta.

Da farko ana barin ziyara. Daga baya cutar amai da gudawa ta ɓarke a ciki, aka rufe ƙofa, aka ce sai abin da hali ya yi. Kaya kawai ake karɓa ta wata 'yar taga, sabulu da tufafi, ban da takarda ko da guntuwa ce. Gandiroban da ke tagar kuwa amsa ɗaya gare shi ga kowa, tun bai gama jin sunan ba: "Yana nan lafiya, Mama, a matsa wa na baya." Na tsani mutumin nan, ba zan ɓoye ba.

A bayan gidan yarin, in ka tsallake titi da wani fili da ake jibge matattun motoci, akwai dogon bene. Mai Wanki ne ke haya a ƙasa, yana wanke zannuwan gadon otal-otal, yana shanya su a kan rufin. Daga rufin nan ana hango kusurwa ɗaya ta filin da ake fito da masu jiran shari'a shan iska da yamma. Hange dai, don mutum bai fi ƙwayar wake ba. Ban san wace ce ta fara ganowa ba, amma kafin a jima mata sun san hanyar matakalar: uwaye, matan aure, ƙanne. Su suka fito da dabarar riga. Masu jiran shari'a kayan gida suke sawa, don haka kowace sai ta aika wa nata riga mai launin da ba wanda ke da shi. Sun raba launuka a tsakaninsu ba faɗa, sabuwar zuwa sai ta tambaya wanne ya rage. Matar Direba ce mai shuɗi, wata tsohuwa tana da ja, Yaya ta sami ruwan lemo.

Ni na ɗinka rigar. Ban buƙaci awo ba, tun yana rarrafe nake yi masa ɗinki: faɗin kafaɗa, dogayen hannaye, irin na dangin ubansa. Na ratsa mata baƙin ƙyalle a ƙirji don kada a yi kuskure, muka miƙa ta ta taga. Ba a daɗe ba ta bayyana a filin. Mai ita ya tsaya a gefen tankin ruwa, ya fuskanci benen, ya ɗaga hannu. Ranar sai da mata biyu suka riƙe Yaya, don saura ƙiris ta bi ta saman katangar rufin.

Daga nan ta mai da rufin nan tamkar gidanta na biyu. Kullum mai rigar yana zuwa gefen tankin ya tsaya ya yi ta motsa hannaye, ita kuma ta kaɗa masa mayafi tana dariya tana kuka. Har fassara take yi. "Yau yana cikin raha." "Yau ya ce in gaida babansa." Ni dai ɗigon lemo nake gani yana motsi, amma wanda ya faɗa ruwa ko takobi aka miƙa masa kamawa yake, ban taɓa musa mata ba.

Matsalar tana gida. Mijinta, Akawu, ɓarin jikinsa ya shanye tun kafin wannan masifar, ko ƙofar ɗaki ba ya kaiwa sai da tallafi, balle saman bene. Mutum ne da ya yi rayuwarsa ba ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba. Kullum ta dawo sai ya ce, "Kin gan shi?" Ta ce ta gan shi. Ya ce, "Fuskarsa?" Sai ta kama gyaran matashin kai. Na ɗauko masa hoto da wayata, ya kai shi kusa da hanci, ya miƙo min. "Wannan ai ɗigon fenti ne, Tela. Ni ɗana nake tambaya." Bakinsa ya karkace, magana ba ta fita sosai, amma wannan ta fita.

Abin da ya kai ni kantin kyamara ke nan. Babba mai dogon hanci ba za ta yiwu ba, don Mai Wanki ya kafa doka ba ya son ganin abu mai ƙyalli a rufinsa, tun da masu gadin hasumiyar gidan yarin suka aiko masa za su rufe masa sana'a. Sai ƙarama, wadda za ta hau bene a aljihu ta sauko a aljihu.

A ɗakin Akawu na fara gwada ta, da magariba. A nan kam ta ba ni kunya. Hasken ƙwan lantarki bai ishe ta ba, hoton ya fito yashi-yashi, da na kunna mata walƙiya kuma Akawu ya fito ido waje kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta. Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki, dariyar da na manta tana da irinta. Ga kuma jinkiri: ka danna, sai ta tsaya tunani tukuna, kafin ta yanke shawara kyanwar gidan ta bar tabarmar. Na yi ta danne-danne ina ɓata, ina tsaki. Da Injiniya yana nan, da kafin in sha ruwa ya gama gane ta, ya kuma yi min dariya a kai.

"Gobe za ku kawo min shi?" in ji Akawu.

"In Allah ya yarda," na ce.

Washegari Yaya ta ci ado. Na ce mata, "Yaya, ke za a ɗauka ko shi?" Ta ce in rufe mata baki in wuce gaba. Muka hau matakalar, wurin yana ƙamshin sabulu da tururin guga. A kan rufin zannuwa sun cika igiyoyi layi-layi, mata kuma sun jeru a bayan na ƙarshe, kowace a wurin da ta saba. Na tsuguna tsakanin zannuwa biyu na zaro kyamarar. Matar Direba ta gani, ta dafe ƙirji. "Tela, in ka gama da naku, don girman Allah ka duba min mai shuɗi." Kafin in amsa magana ta zaga, kowace ta matso.

Aka buɗe ƙofar filin, mutane suka fito, rigar lemo ta nufi tanki. Ni kuwa a nan na gane ban iya komai ba. Rana ta haske allon, fuskata kawai nake gani a ciki. Da na kare shi da tafin hannu na tura harshen, sai filin ya ɓace min gaba ɗaya, in ga sama, in ga bango, in ga tayar mota. Da ƙyar na kamo lemon, sai kyamarar ta ga dama ta tsaya a kan wayar ƙayar da ke saman katanga, ta fito da kowace ƙaya tsaf, ta bar mutumin a baya dishi-dishi. Numfashina kaɗai ya isa ya jefar da shi daga allon. Na yi ta dannawa a makance, har batirin ya nuna ja, hancinta ya koma ciki da kansa ana tsakiyar abu. Na zage ta, na zagi wanda ya ƙera ta.

A gida muka duba bayan ta sha caji. Guda ɗaya ne mai dama-dama: riga, baƙar ratsa, hannu ɗaya a sama, kai kuwa kamar an shafe shi da yatsa. Akawu ya daɗe yana kallo. "Ya rame," ya ce. Yaya ta ce ai dole, abincin can wane irin abinci ne. Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. A ɓangaren da bai ɗaga ba, hannun rigar ya sauko ya wuce gwiwar hannu, ni kuwa a saman gwiwa na yanke shi. Na ce wa kaina rama ce, kafaɗa in ta zube hannun riga sauka yake yi.

Da safe na koma kanti na dire masa ita a kan tebur, na zayyana masa laifuffukanta ɗaya bayan ɗaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Tsuntsun naka yana tsayawa wuri ɗaya?"

"Yana tsayawa."

"To ka daina riƙe ta. Ɗora ta a kan abu mai laushi da ba ya motsi. Ka lulluɓe kanka da ita da baƙin ƙyalle, irin na masu hoton da. Ka murɗa wannan zuwa alamar dutse, za ta daina kula abin da ke kusa. Kuma kada ka ɗauki hoto, bidiyo za ka ɗauka, daga baya ka tsayar da inda ya yi maka." Ya ciro wani batir daga aljihun tebur ya ɗora a kai. Ina bakin ƙofa ya ce, "Tela. Allah ya fito da shi." Ban juyo ba, don idona ya kawo ruwa.

A shago na ɗinka 'yar jaka na cika ta da yashi, na yanko baƙin yadi mai kauri, na kuma yi mata ɗan bututun ƙyalle da zai kare hancinta kada ya yi ƙyalli. Irin wannan aikin dai nawa ne.

Da yamma na ɗora jakar yashin a kan katangar rufin, na zaunar da kyamarar a kai, na saita ta a kan tankin tun kafin a buɗe ƙofa. Na lulluɓe kaina. A cikin duhun ƙyallen allon ya fito tar, ba rawa ko kaɗan. Ina ganin tsatsar da ke jikin famfon tankin da ruwan da ke ɗiga daga bakinsa. Sai na ji na yafe mata duk abin da ta yi min jiya. Yaya tana tsaye a gefena, ƙafarta tana taɓa kafaɗata, mata sun yi layi a bayanmu, Matar Direba a gaba.

"Ga shi nan!" in ji Yaya. Na ji mayafinta ya fara kaɗawa a sama da ni.

Ya shigo cikin allon ya tsaya. Na danna bidiyo, na fara tura harshen a hankali. Rigata ce, ba tantama, har ninkin da nake yi wa bakin aljihu. Amma ɗinkin kafaɗa ya zubo masa zuwa rabin dantse, gindin rigar ya kusa kai masa gwiwa. Rama ba ta rage wa mutum tsawo. Na ƙara turawa ina kallon ɗan layin nan, na tsaya daf da shi ban wuce ba. Fuskar ta cika allon.

Dattijo ne, gajere, furfura ta cinye masa gemu, da tsohon tabo a goshi. Ban taɓa ganinsa ba a duniya.

"Ka same shi?" in ji Yaya. "Tela, ka same shi? Kai, dubi yadda yake ɗaga min hannu!"

Na mai da harshen baya kaɗan don in ga hannayensa. Ya ɗaga hannun dama sama ya riƙe, har ya tabbata ana kallonsa. Sannan ya sauke, ya kama ƙirjin rigar da yatsu biyu ya jijjiga ta. Ya nuna kansa, ya kaɗa yatsa, alamar a'a. Ya ɗora hannu sama da kansa, yana nuna tsawon wani da ya fi shi. Sai ya kai tafin hannu goshi ya shafo ƙasa a hankali, ya rufe idanunsa, ya miƙe hannaye a gefen jiki ya sandare. Daga nan ya buɗe tafukansa sama, leɓunansa suna motsi, ya shafa a fuska. Da ya gama ya tsaya yana duban benen. Abin da ya gani shi ne mayafi yana kaɗawa cikin murna. Ya sunkuyar da kai, ya sake ɗaga hannun dama, ya faro daga farko.

Yadda yake yin abin ba gargada, na san ba yau ya fara ba. Ban san tun yaushe ba. Ban san ko Injiniya ya taɓa sa rigar nan ko sau ɗaya ba, ko kuwa yana kwance ya miƙa masa ita ya ce ga tanki, ga bene, uwata tana can. Abin da na sani shi ne bawan Allah nan ya ɗauki saƙo, ya rasa hanyar isar da shi sai wannan. Kullum yana fitowa yana gaya mana yaronmu ya mutu, mu kuma muna mayar masa da gaisuwa.

Zufa ta jiƙe ni a cikin ƙyallen. Na yi tunanin in tura harshen ya wuce layin, fuskar ta dagule, in ce kyamarar banza ce. Na yi tunanin in ture ta ta faɗa ƙasa. Ban kai ga ko ɗaya ba Yaya ta gaji da jira, ta durƙusa, ta ɗaga bakin ƙyallen ta cuso kanta, kuncinta a jikin nawa.

"Matsa in gani, kai ka cika rowa."

Ta ƙura wa allon ido. "Wannan ba shi ba ne," ta ce. "Wani ka saita. Nemo mai lemo."

"Shi ne mai lemon, Yaya."

"To sata aka yi masa. Ai ɓarayi ne a ciki, sun ƙwace masa riga." Muryarta ta yi sama. "Ko aro ya ba shi, ka san shi da kyauta, ko kuma wanki..."

Dattijon ya kama ƙirjin rigar. Yaya ta bi shi da ido tun daga nan har zuwa shafa addu'a. Ya sake farowa, ta sake bi. A karo na biyun, da ya ɗora hannu sama da kansa yana nuna tsawo, sai na ji ta ce a hankali, "E, haka yake. Dogo ne."

Ta fitar da kanta daga ƙyallen ta miƙe. Na zaci ihu za ta yi, na shirya riƙe ta, amma ba ta yi ba. Ta ture zanin gadon da ke kare mu, ta fito fili inda ko masu hasumiya za su gan ta, ta ajiye mayafin a kan katanga, ta ɗaga tafukanta biyu sama, ta daɗe a haka, sannan ta shafa. Na koma kan allon. Ban san me dattijon ya iya gani daga can ba, wataƙila mayafin da ya daina kaɗawa ne kawai. Ya tsaya da hannu a sama, sannan ya sauke shi. Ya tuɓe rigar ta kai, ya rage daga shi sai yagaggiyar singileti, ya ninke ta da kyau, ya zauna a gindin tankin ya kifa kansa a kanta.

Ba wanda ya yi wa matan bayani, ba su kuma nema ba. Tsohuwa mai ja ta fara salati. Na fito da kaina na dubi Matar Direba, don ita ce a gaba, kyamarar kuma tana nan a zaune, batirinta a cike. Can a filin mai shuɗi yana tsaye inda ya saba, yana ɗaga hannu.

"In juya miki ita?" na ce.

Ta dubi kyamarar, ta dubi filin. Ta ja da baya har ta taka ƙafar ta bayanta. "A'a, Tela," ta ce. "Bar shi. Ina ganinsa daga nan." Layin ya watse, kowace ta koma wurinta, ba mai kallon 'yar'uwarta.

Na kashe ta na mai da ita aljihu. Duk wanda ya tambaye ni game da kyamarar nan gaskiya zan gaya masa: a cikin ɗaki ba ta da kirki, batirinta ba ya jimiri, tana da jinkiri, amma in ka ba ta rana da wurin zama, abin da aka ce tana yi tana yi. Ina sauka matakalar ina jin nauyinta a ƙirjina, ina jin haushinta kamar mai rai.

Da muka kusa gida na ce mata, "Yaya, mu ce wa Akawu ta sake ƙi. Mu sake nuna masa hoton jiya. Gobe in je tagar nan in shaƙe wuyan gandiroban can har ya gaya min gaskiya, sannan mu san yadda za mu gaya masa."

"Za ka je tagar gobe," ta ce. "Sai sun nuna min inda suka sa shi." Ta yi ɗan tafiya, sannan ta ce, "Amma kana so in riƙa shiga ɗakin nan kullum ina kaɗa masa mayafi? Ba zan iya ba."

Mun tarar Akawu ya sa maƙwabci ya tashe shi zaune, an jingina masa matasai a baya. Ya canja riga, ya sa tabarau, an yaye masa labulen taga don haske ya shigo. Yana ganinmu ya miƙo hannunsa mai lafiya, tafin a buɗe.

"Ya yi?" ya ce. "Kawo in gani."

Na kai hannu aljihu. Yaya ta girgiza min kai. Ta zauna a bakin gadon, ta zare masa tabarau ta ninke ta ajiye a gefe, ta sa hannunta a cikin tafin da ya miƙo. Ya dube ta, ya dube ni, ya sake dubanta.

"Tela," ta ce, "ja mana ƙofa."

Na fita na ja. Ina tsaye a baranda na ji muryarta ƙasa-ƙasa, ba ta yi tsawo ba. Sannan na ji Akawu yana ƙoƙarin kiran sunan ɗansa da bakin nan da ya karkace, sunan yana ƙin fita, yana sake gwadawa.